Wanda Aka Tarar a Gona

Ƙas-ƙas-ƙas na ji daga bayan ɗakin girki, da hantsi, ina tsakiyar wanke tukunyar koko. Na ɗauka kaza ce ta samu shinkafar da na shanya a tabarma, har na ɗaga ludayi zan jefe ta. Da na leƙa sai na ga autata zaune a inuwar darbejiya, kwamfuta bisa cinya, yatsunta ne ke wannan tsattsagar. Kajin suna can gindin randa, ba ruwansu.

Na ce, "Ashe ke ce kazar."

Ta ce, "Inna, rumbu nike ginawa."

A lokacin tana shekararta ta ƙarshe a karatun kwamfuta, kuma an ce kowane ɗalibi sai ya ƙera wani abu da hannunsa kafin a ba shi takardar gamawa. Na goge hannu a zane na jawo kujera. Ni ma na yi sakandare kafin aure, kuma ban taɓa son a riƙa yin abu a tsakar gidana ban san kansa ba.

Ga yadda ta bayyana mini. Kowace manhaja, wato abin da ke sa waya ko kwamfuta ta yi wani aiki, tana buƙatar inda za ta ajiye abin da aka gaya mata, don kada ta manta in an kashe ta. Akwai manyan ma'ajiyai da aka daɗe da yi, amma suna da nauyi, suna son inji mai ƙarfi. Ita ƙarami take yi, wanda kowane mai rubuta manhaja zai ɗauka ya jona da tasa, ya yi aiki ko a tsohuwar waya, ko a ƙauyen da ba sabis. Abu huɗu kawai ya iya: ya ajiye, ya nemo, ya gyara, ya goge. Duk abin da aka ajiye sai a ba shi lamba, da lambar ake kiransa.

Jikata, ɗiyar babban ɗana, tana wajenmu a wannan shekarar, ba ta ma shiga firamare ba. Auta ta kira ta, ta rubuta sunanta da abin da ta fi so, ta rubuta ni, ta rubuta maigidana. Sannan ta tambayi rumbun wa ke son alewar madara a gidan nan, sai ga sunan yarinyar ya fito shi kaɗai. Yarinya ta yi ta tsalle, wai kwamfuta ta san ta.

Na ce, "To in ta girma ta koma son goro irin na kakanta?"

"Sai a gyara. A sa goro inda alewa take."

"Alewar fa?"

"Ta tafi. Rumbun ƙarami ne, Inna, ba ya tara tarkace."

Na sa mata albarka na koma kan tukunyata.

A shekarun nan ne ake gyaran hanyoyin ruwa na dam ɗin Bakolori, kanal-kanal ɗin da suka cike da laka da ciyawa tun muna da ƙuruciya. Aka ce manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya, kowane reshen ruwa da tasa, su san gonakinsu don a raba ranakun ban-ruwa. Magatakardan wata ƙungiya ta wajen Birnin Tudu ya ji labarin aikin auta ta bakin malaminta, ya zo har gida. Wani yaro zai yi musu manhajar waya, rumbunta kuma shi zai riƙe bayanan. Ina daga ɗaki na ji ta tambaye shi me da me za a ajiye game da kowace gona. Ya ce, "Lambar gona, girmanta, sunan mai ita. Gona ɗaya, suna ɗaya. Kada ki wahalshe mu, ɗiyata." Ta yi masa yadda ya ce. Maigidana, wanda fataucin shanu ne sana'arsa, ya kai labarin har kara, kasuwar shanu, ranar Talata, yana faɗa wa dillalai cewa autarsa ta sa gonakin Birnin Tudu cikin waya.

Dole in koma baya kaɗan, don wanda bai san mu ba ya gane me ya sa lambar gona ɗaya ta hana ni cin abinci.

Ni 'yar Birnin Tudu ce, aure ya kawo ni Mafara. Ina makarantar kwana aka kawo katafiloli don aikin dam ɗin. Na dawo hutu na kasa gane hanyar gonarmu. Tsamiyar da muke ajiye tulu a gindinta babu, giginyun da ke kan iyaka babu, an baje ƙasar ta zama kamar faifai har iyakar ganin ido. Dangin mahaifiyarmu na Maradun kuma aka tashe su saboda ruwa zai hau, ta yi ta kukan kaburburan iyayenta har muryarta ta dishe. Akwai abubuwan da suka biyo baya a garinmu waɗanda har yau manya ba su faɗarsu da ƙarfi, ni ma ba zan faɗe su a nan ba. Abin da zan faɗa shi ne rabon gonaki. Gona biyu mahaifinmu yake da su kafin a baje. Ɗaya yana nomawa, ɗaya ya ba wani maƙwabci aro saboda maƙwabcin ba shi da ko taki ɗaya na gona. Da masu awo suka zagayo suna rubuta sunaye, wanda suka tarar a gona shi suka rubuta. Mahaifinmu ya yi ta zarya har takalminsa ya tsinke, daga baya ya ce ya bar wa Allah. Wadda yake nomawa kaɗai aka mayar masa, ita ma an rage ta, a bakin wani ƙaramin kanal.

Da ya rasu aka raba gado, mazan suka sayar da nasu suka shiga birane. Ya rage rabon mata biyu, ni da Yaya, babbar yayata. Nawa na bar shi a hannunta, don ni ina da mai ciyar da ni, ita kuwa mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aure. Wannan ɗan filin shi ne abincinta. Da damina takan ɗauki 'yan ƙwadago su shuka mata shinkafa, ta ci shekara, ta aiko mini da nawa a ƙullin buhu, ta ce in ɗanɗana ƙasar ubana.

Noman rani kuwa ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Sai ka tsaya a bakin ruwa ranar da aka ba ka, ka buɗe, ka tare, ka yi faɗa da na sama da kai in ya riƙe. Saboda haka duk rani Yaya takan ba ƙanin mijinta aron gonar ya yi albasa. Ba haya ba ce, ba jingina ba. Yakan zo bayan girbi ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi gwiwa, ya tambayi jikoki, can a ƙarshe ya ce, "Yaya, ko bana ma in taɓa wurin?" Ta ce, "Taɓa mana, Allah shi sa albarka." Shi ke nan. In ya cire albasa ya kawo mata kwando ɗaya. Hadarin farko na haɗuwa ya kwashe kayansa. Haka rabin mutanen wannan kanal suke yi, gwauraye da tsofaffi da masu fatauci, gona ba ta kwana banza, mara gona ba ya zama banza. Ba wanda ya taɓa rubuta shi, don ba wanda bai san shi ba.

To da farko magatakarda ya zauna da dattawa suka faɗi sunayen masu gonaki, aka zuba a rumbun auta. Sunan Yaya ya shiga, daidai. Daga baya aka ce a tura samari da waya su bi gona-gona su tantance, kuma abin da suka gani da ido shi ne gaskiya, ya fi na zaure. Yaushe aka tura su? Tsakiyar rani, lokacin da hanya ta bushe babur ke shiga ko'ina. Suka tarar da mutum tsugune cikin albasa. "Baba, sunanka?" Ya faɗa. Suka danna gyara. Ba su tambaye shi ko tasa ce ba, domin a fuskar wayar gurbi ɗaya ne, kuma sun cike shi. Bayan wasu makonni aka buga wa kowa 'yar takarda mai lambar gona da suna da ranar ruwa.

Ruwan farko ya sauka, Yaya ta tura 'yan ƙwadago. Suka dawo suka ce sun tarar an riga an yi huɗa an shuka.

Ranar Talata Yaya ta iso Mafara a bayan babur, ita da ba ta son hawa babur. Muka gaisa, gaisuwar da ta saba, ba ta tsallake kowa ba: maigida, yara, jikoki, gajiya, ruwan bana, har ciwon idon da na yi bara. Na kawo fura ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Sannan ta gyara lulluɓi ta ce, "Yaron nan ya ce gona tashi ce."

"Wane yaro?"

"Ƙanin marigayi. Na aika a tambaye shi, yac ce shi bai da ta cewa, inji ya riga ya yanke."

"Wane inji, Yaya?"

Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin auta. "Na ɗiyarki, anka ce."

Yaro ta kira shi, mutumin da furfura ta fara fito masa a gemu. Amma a wajenta yaro ne. Tana amarya ta same shi bai fi shekarun jikata ba, uwarsa ba lafiya, ita ta yi masa wanka, ita ta cire masa ƙaya.

Na kira auta. Ta durƙusa ta gaida Inna Babba, kamar yadda suke kiranta, ta ɗauko kwamfuta, ta sa lambar gonar. Sunansa ya fito, shi kaɗai, kamar yadda sunan jikata ya fito ranar alewa.

Na ce, "Tambayi injin wa ke nan kafin shi."

Ta janye hannunta daga kan kwamfutar.

"Tambaye shi mana."

"Ba ya riƙe wannan, Inna. In an gyara, na da ya tafi."

"Wa ya gyara? Yaushe?"

"Shi ma ba ya riƙewa."

Yaya ta ce, "Bar ta, ke. Yarinya mi ta sani." Wannan ya ƙara tunzura ni, don yarinyar ta sani. Ta ci albasar aron nan tun tana rarrafe.

Bayan Yaya ta shiga yin azahar muka yi ta, ni da auta, a ƙofar ɗakin girki, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Inna, ni rumbu na gina, ba ni na zuba hatsin ba. Abin da aka ba shi ya riƙe." Na ce mata rumbun da in an zuba gero sai dawar da ke ciki ta ɓace ba tare da ko ƙaiƙayi ba, maginin za a nema. Ta ce haka aka ce ta yi, mai sauƙi. Na ce sauƙin wa? Ta ce haka ake koyarwa, a fara da ƙarami. Na ce ai an fara, an fara da gonar kakanki, kuma ba yau aka fara ba. Ban taɓa yi mata magana da wannan zafin ba, ita ce auta, ko tsawa ban cika yi mata ba. Ta tashi idonta ya kawo ruwa. Ni ma na shiga ɗaki na yi nawa.

Abin da ke cina ba gonar kaɗai ba ce. A ce abin da aka yi wa mahaifina da biro da takarda, ina 'yar makaranta ina kallo ba yadda zan yi, shi ne za a sake yi wa ɗiyarsa, kuma a tsakar gidana aka ƙera kayan aikin, a inuwar bishiyata, ina kai wa mai ƙerawa kunu. Su waɗancan masu awon baƙi ne, ba su san mu ba, wasunsu ko Hausa ba su ji. Waɗannan fa? Magatakarda ɗan gari, samarin 'yan gari, duk sun san mene ne aro, iyayensu na bayarwa ko suna karɓa. Amma da aka miƙa musu waya sai kowa ya ajiye abin da ya sani a gida ya fita da gurbi ɗaya.

Maigida da ya dawo daga kara ya ji, ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce shi a sana'arsu yakan ba Bafulatani kiwon saniya shekara da shekaru, kuma bai taɓa jin an ce ta zama tasa don an gan shi riƙe da igiya ba. Ya ce gobe mu shirya, shi zai kai mu wajen magatakarda.

Magatakarda ya karɓe mu a zaurensa da fara'a, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo. Da maigida ya faɗi abin da ya kawo mu sai ya buɗe hannuwa ya ce, "Alhaji, kwamfuta ba ta ƙarya."

Ban saba magana a zauren maza ba, amma na ce, "Malam, kai ba ka san gonar wa ce ba?"

"Hajiya, a matsayina na ɗan gari na sani. Har jana'izar mahaifinku na je. Amma a matsayina na magatakarda, abin da ke ciki shi na sani."

"To ɗan garin ya gaya wa magatakardan mana, tunda riga ɗaya suke sawa."

Maigida ya yi gyaran murya. Magatakarda ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce in ya taɓa suna ɗaya gobe zauren nan ba zai ɗauki mutane ba, don ba Yaya kaɗai ba ce. Auta, wadda tun shigowarmu ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Su nawa ne, Baba?" Ya ce ai ita ce mai injin, ta tambaye shi. Ta ce ba zai iya faɗa ba. Duk wanda aka goge, an goge shi har da alamar cewa an goge shi.

Muka kamo hanyar gida a mota. Muna wuce gonakin shinkafa, kore shar, auta tana kallonsu ta taga kamar mai neman wani a cikin taro.

Washegari da hantsi na sake jin ƙas-ƙas-ƙas. Ban leƙa ba, fushi nake. Sai da rana ta take ta zo ta tsaya a bakin murhu ta ce, "Inna, ban da aro da haya da jingina, ta wace hanya kuma mutum ke shiga gonar da ba tasa ba?" Na ce akwai mai riƙe wa marayu har su girma. Akwai gandun da ba a raba ba, 'yan'uwa na noma tare. Akwai irin tawa, wadda na bar wa Yaya ba na kyauta ba, ba na aro ba, na zumunci. Ta ce wannan na ƙarshen ba ta san inda za ta sa shi ba. Na ce ni ma ban sani ba, amma kada ta goge shi don ta rasa inda za ta sa.

Ta rushe rumbun ta sake gini. Makonni ta yi a kai, ta rame, har na huce na koma kai mata fura. Wannan karon ɗaki uku ta yi masa. Ɗaya na mutane, ɗaya na gonaki, na ukun kuma na abin da ke tsakanin mutum da gona: wane ya mallaki gona kaza ta gado, wane yana nomanta aro ranin bana, kuma ga wanda ya faɗa, ga lokacin da ya faɗa. Gogewa ta cire ta gaba ɗaya. Gyara kuma ya daina cinye na baya, sai dai ya ƙara sabon layi a ƙarƙashinsa, tsohon na nan ana gani. Abin da ya fi burge ni shi ne tambaya. In manhaja ta ce wa rumbun gonar nan ta wa ce, ba ya amsawa. Sai an fayyace: wa ya mallake ta, ko wa ke nomanta yanzu. In kuma ba a taɓa gaya masa ba, sai ya ce bai sani ba, ba ya ɗauko sunan da ya fi kusa ya miƙa.

Malaminta ya ce aikin ya tashi daga mai sauƙi, ya ƙara nauyi, nema ya ƙara jinkiri a tsohuwar waya, kuma yaron da ya yi manhajar sai ya sake tasa. Ta ce ta ji. Magatakarda kuwa da ta kai masa cewa ya yi, "Injin da ke cewa bai sani ba, mi amfaninai? Ni ma na iya wannan." Ya ƙi karɓa. Sai da aka fara zare fartanya a bakin kanal, wata tsohuwa ta zo ta zauna a ƙofar zaurensa ta ce ba ta tashi sai an mayar mata da sunanta, sannan ya aiko a kira auta. Duk sunayen da samari suka kwaso ta mayar da su ƙarƙashin wanda aka tarar yana noma. Gurbin mai gona kuma ta bar shi a kan ba a sani ba, gona bayan gona, har sai an kawo shaidu.

Amma takardar farko tana aljihun ƙanin miji, an riga an buga, ya sa ta a leda don kada ruwa ya taɓa. Shinkafarsa kuma ta kai gwiwa.

Aka kai magana gaban mai gari. Na je, na zauna a bayan Yaya daga gefen mata. Mutumin ya zo da babbar riga, ya gaida kowa, har Yaya ya gaida, bai dube ta ba. Da aka ba shi magana ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban ce tawa ce ba. Takarda ta ce. Ni ko ba ni jayayya da hukuma."

Yaya ta ce, "Takardar ta goya ka sa'ad da ka yi baƙon dauro?"

Wani ya yi dariya aka harare shi. Mai gari ya ce a kira maƙwabtan gona na kusurwa huɗu, kamar yadda ake yi tun kafin a san dam. Na gabas ya ce gadon Yaya ce, da idonsa ya ga an raba. Na arewa ya ce haka ne, har ya faɗi shekarar da mahaifinmu ya dasa zogale a kan iyaka. Na yamma ya rasu, ɗansa ya ce shi bai girma a gari ba. Na kudu, dattijo mai carbi a hannu, wanda ya sha furar gidanmu ba adadi, ya sunkuyar da kai ya ce shi tsufa ya kama shi, ba ya tuna komai. Daga baya na ji ashe shi ma a gonar aro samarin suka tarar da shi, kuma tasa takardar na cikin leda. Na yi ta istigfari a hanya saboda abin da zuciyata ta riƙa faɗa game da carbin nan.

Mai gari ya yanke: gona ta Yaya ce, a rubuta haka, a yaga waccan takardar. Amma shukar da ke ciki ta wanda ya shuka ce, sai ya girbe zai fita. Aka yi fatiha, mutane suka ce an yi adalci. Wataƙila an yi. Ni dai abin da na sani, tsohuwa ta rasa daminarta ɗungurungum saboda ta yi alheri, wanda ya ci amana kuma ya tafi da shinkafa, ko kwandon da ya saba kawowa bai kawo ba.

Wannan shekarar ni na aika wa Yaya da hatsi daga Mafara. Mai babur ya dawo ya ce da ta ga buhun sai ta juya baya ta shiga ɗaki, maƙwabciya ce ta karɓa. Matar da duk shekara take aiko mini da ƙasar ubana in ɗanɗana. Har ta koma ga Allah ba mu taɓa yin maganar buhun nan ba.

Da rani ya zagayo na je dubiyarta. Na ce a bi da ni ta bakin kanal. Gonarmu tana nan, fayau, ba ko tsiro, ruwa na wucewa ta gefenta. Ba ita kaɗai ba. Nan kore, nan fari, nan fari, kamar kan mai ƙyasbi. Tsofaffi sun ji tsoro, kowa ya riƙe tasa ko da ba zai iya nomawa ba. A bakin hanya kuma ga samari zaune kan babura, waɗanda da a wannan lokacin suna cikin albasar aro har wuya. Na ce wa Yaya ai an gyara injin, yanzu ya san aro, ko ta ba wani ba abin da zai faru. Ta ce, "Injin kunka gyara."

Auta ta gama karatunta, rumbunta na biyu har wasu ƙungiyoyin suka karɓa, kuma na ji ana yabonsa. Ina yi mata addu'a kullum, ban riƙe ta da komai ba. Magatakarda har yanzu in mun haɗu a wajen biki yakan ce, "Hajiya mai faɗa," yana dariya, ni kuwa in amsa gaisuwa in wuce. An ce mini in manta, abu ya wuce, gona ta dawo. Na gwada. Sai wani ƙaramin abu ya taso da shi.

Bayan dawowata daga wannan dubiyar da 'yan kwanaki, maƙwabciyarmu ta haihu. Ana gobe suna ta aiko ɗiyarta aron babbar tukunyata, wadda duk unguwar nan ba gidan da ba ta yi suna ko biki ba. Na shiga ɗakin ajiya na fito da ita ina kakkaɓe ƙura, na miƙa. Sai na ji an riƙe mini zane ta baya. Jikata ce, wadda na ɗauka wasanta kawai take yi duk watannin nan da muke maganar gona a kanta. Ta jawo ni ƙasa, ta kawo bakinta kusa da kunnena don kada 'yar aiken ta ji.

Ta ce, "Kaka, kada ki ba su. In masu waya suka zo suka tarar da ita a gidansu, ta zama tasu."